Aron Numfashi

Mahaifina, Fermin Tikona,
shekara talatin da ɗaya yana shiga cikin dutsen Potosi
da fitila ɗaure a goshi.
Dutsen ya ba shi kuza da 'yar azurfa,
ya riƙe huhunsa jingina.
In ya kwanta da dare, ƙirjinsa zarto ne a jiƙaƙƙen katako.
Mu yara mun saba. Da shi muke gane asuba ta kusa.

Wata Laraba masu fim suka hauro daga birni,
leɓɓansu sun yi shuɗi, suna taunar ganyen koka,
taku goma sai su dafa bango.
Jarumin nasu saurayi ne mai faɗin ƙirji.
An shafa masa ƙura, an koya masa tari,
amma tarin masu lafiya ne,
ko karen maƙwabta bai ɗaga kunne ba.

Sai wata siririya mai waya rataye a wuya
ta jiyo Baba ta bayan katanga.
Ta ce, “Dattijo, ba magana muke so ba,
zauna kawai ka yi yadda ka saba.”
Baba ya yi dariya har ta sarƙe shi.
Da ya farfaɗo ya ce,
“Abin da nake nema ya gagare ni,
shi kuka zo saye?”

Minti arba'in a ɗakin girkinmu.
Aka kashe rediyo, aka kore kaji,
aka sauke agogon bango aka rufe shi da bargo.
Makirufo mai gashi a gaban bakinsa kamar ɗan kyanwa.
Kuɗin ya sayi buhun dankali biyu
da kwalbar magani da ba ta kai wata ba.

A sanyin Yuni zarton ya tsaya.
Daren nan babu wanda ya runtsa a gidanmu,
shirun ya yi ƙara da yawa.

Bayan shekara biyu na shiga silima a La Paz,
kujera ta uku daga ƙofa.
Rami ya rufta da jarumi, fitilarsa ta mutu,
majigi ya yi baƙi ƙirin, babu kiɗa,
sai ja,
sai tsayawa,
sai 'yar usur ɗin nan a ƙarshen kowane na uku
wadda na sani tun ina goye.
Mutum ɗari biyu suka riƙe nasu don su ji nasa.
Na kusa da ni hannunsa ya daskare cikin gugguru.
Ni kaɗai na san inda zai haɗiyi yawu.

Aka kunna wuta, aka yi wa saurayin tafi.
Na zauna sunaye na hawa, direbobi, masu girki,
har mai alfadarai an rubuta.
Na Baba bai hau ba.
Mai shara ta tsaya da tsintsiya tana jirana.

Sau biyar na koma.
Mai sayar da tikiti, Leonsiya, ta leƙo ta taga:
“Ke kuwa wannan jarumi ya tafi da ke.”
Na ce a'a, gaisuwa nake zuwa.
A minti na hamsin da bakwai yana nan cikin duhu,
ya ja,
bai saki ba tukuna.