Awon Ƙafar Labbo

Motar nan ba ta da suna a takarda.
Injinta na tsohuwar Fijo ne, daga 'yan gwangwan na Gusau,
haƙarƙarinta bututun ban-ruwa da muka saya kilo-kilo,
kujerunta na haya ne, na gidan suna, mun datse musu ƙafafu.
Damina uku muna ɗinkin ta da wutar walda
a bayan shago, nan Talatar Mafara,
ni da wana Labbo.

Labbo dogo ne, ba ya shiga zaure sai ya sunkuya.
Shi ya zauna ranar da aka auna kuloci,
ya miƙe ƙafar hagu iya miƙewa, ya ce, "Nan."
Na ɗiga wuta a nan ɗin.
Ƙane ba ya awo, riƙe ƙarfe ne nasa.

Zazzaɓin kwana huɗu, bayan yankan shinkafa.
Aka bar mini makulli da sifanu.

Ni kuwa tsawon innarmu na ɗauko.
In zan sa giya sai na zame daga kujera,
in bi feda can ƙasa
kamar mai laluben guga a rijiya,
babban yatsa na karkarwa,
giya na kuka kamar injin markaɗe ya haɗiyi tsakuwa.
Yaran layi suka sa mini Mai-rusuna.
Na sa matashi, ya sulale.
Na ɗaura katako da roba, ya juye a gaban 'yan albasa ranar kasuwa.

Tsoho Nomau mai gyaran tantan ya leƙa,
goro a kunci, bai ko durƙusa ba.
Ya ce, "Tafiyarta taƙi guda ce da yatsa uku, ta yi yawa.
Sauko da ramin sandar, nesa da maratayi.
Hanya za ta gajarce.
Amma ka sani, ƙarfe ba ya kyauta:
abin da ya rage maka a tafiya, a cinya zai karɓa.
Kuma ka bar mata wasa kaurin ɗan yatsa,
in ka ɗaure ta tamau, boris zai ci kansa."

Wata bakwai ina cewa gobe.

Jiya bayan la'asar na kwanta rigingine,
kai a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje, tocila a baki.
Sifana sha uku. Notin ya ƙi, na ba shi baƙin mai, ya yarda.
Da na zare sandar sai ga zane a jikin ƙarfen,
ƙarcen ƙusa, a karkace,
irin wanda yake yi in ya rasa alli.

Na auna yatsa biyu ƙasa da shi.
Na huda.
Garin ƙarfe ya zubo mini a ido,
shi na ce wa Nomau da ya tambaya.

Na kafa noti a daɓe, na sa masa hular tsohuwar taya,
don feda ta san inda za ta tsaya.
Na bar wasan, kaurin ɗan yatsa.

Da safe na kama hanyar Bakalori.
Bayana a jingine, karo na farko.
Na taka, ta kama kusa,
giya ta faɗa kamar wuƙa a kube,
ta biyu, ta uku, babu ko tari.
Kafin in kai gada cinyata ta fara biyan bashin.
Nomau bai yi ƙarya ba.

Ya ce in toshe tsohon ramin da walda, kada ƙarfen ya yi rauni.
Na ce to.
Wutar tana nan, sandunan walda suna nan cikin gwangwani.
Ramin ma yana nan,
yatsa biyu sama da nawa.