Ƙaro da Kwali

Ranar da aka ɗauke wuta tun hantsi
na jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado,
wanda Inna ta ɗaure wa baki da tsumma.
Hotuna ne ciki, sun manne wa juna
kamar waina da ta kwana a kwano.

Kwali na roƙo a shagon Elhaji Mutari,
kwalin sukari, tururuwa ba su daina zuwa gaisuwa ba.
Na yanka shi sha biyu da almakashin Balki,
ta ce in ya dakushe ni da ita.
Ƙaro na dala ashirin na sayo a Kasuwar Dole,
na jiƙa shi a murfin langa tun daren jiya.
Bango kuwa guntun jar fata ce,
wani baduku a Birni ya ba ni kyauta
don ya san mahaifina.
Na huda da basilla, na ɗinke da zaren buhu,
na soke yatsa sau biyu.

Kaka Falmata na tabarma, gindin dogon yaro.
Idonta ya yi hazo, amma ita ce alƙali.
Ni ke miƙawa, ita ke kiran suna,
ni ke rubutawa a ƙasa da shuɗin biro.

Ga Baba da kekensa a ƙofar gidan waya,
ya riƙe shi kamar za a ƙwace.
Ga Inna a shagon mai hoto na Zango,
ta ɗora hannu kan tarho marar igiya,
bayanta an zana teku
ita da ba ta taɓa wuce Mirriya ba.
Ga ni a lakwal, kai ƙwal,
allo a ƙirji da lamba bakwai,
ina hararar wanda ya ce in yi murmushi.

Sai wani da gara ta cinye wa fuska.
Riga ta saura, hula ta saura,
tsakaninsu rami.
Na ce wannan sai shara.
Kaka ta ce miƙo.
Ta kai shi dab da hanci, ta daɗe.
Kiyari ne, ta ce, dubi ƙafar hagu,
tun da ya faɗo daga kan dutse yana yaro
bai ƙara taka ta daidai ba.
Manna shi. Gara fuska ta ci, ba ta ci mutum ba.

Can ƙasan gwangwani, cikin tsatsa,
wata budurwa tana dariya har da wushirya,
zanen atamfa, kitso ya sauko kafaɗa.
An yanke rabin hoton.
Yatsu huɗu kawai suka rage a gefen hannunta,
da bakin agogo.

Na ce, Kaka, ai ke ce.
Ta ce haka ake faɗi.
Na ce, wa aka yanke?
Ta kori kaza da ba ta zo kusa ba.
Ta ce ƙaronka zai bushe.

Na shafa, na danna da tafin hannu,
na bar fili a dama
daidai faɗin mutum ɗaya.
Ban rubuta komai a ƙasa ba.

Da la'asar na ɗora turmi a kan kundin
don shafuka su kwanta.
Yatsuna na ɗanko, ƙudaje na bina.
Balki ta karɓi almakashinta, ta gwada a gefen zane,
ta yi tsaki.

Da dare wuta ta dawo.
Na fito shan ruwa, na tarar an kawar da turmi,
Kaka zaune da fitilar hannu,
kundin buɗe a cinyarta,
yatsanta a kan kwalin da babu kowa.