Cokalin Farko a Tampere

Na tsaya da mota a bakin asibiti,
ban kashe inji ba.
Ƙanƙara na narkewa a gilashi,
Hilla na tauna igiyar hularta.

Yayanta Eetu na hana wa gyaɗa
shekara uku cur, wai ƙauna.
Ran da ya ɗanɗana, leɓe ya kumbura,
numfashi ya koma usur.
Har yau allurarsa na cikin jakata.
Wanda maciji ya sara, ko tsumma gudunsa yake.

Likita Rautio ta ce
cikin jariri sabon mai gadi ne,
bai san ɗan gida ba, bai san ɓarawo ba.
Baƙon da ya zo da wuri, ta baki, da sallama,
ya fi samun tabarma.
Wanda ya faɗo ta tsagar fata mai ƙaiƙayi,
da sanda ake tarbarsa.

Wata shida.
Kunu, da ɗigon gyaɗa a kan cokali.
Ta yatsine fuska. Ta haɗiye.
Ina ƙirga numfashinta,
ina leƙa wuya da bayan kunne.
Minti ashirin. Arba'in.

Ta yi hamma,
ta miƙo hannu tana neman cokalin.
Sai a nan na kashe inji.