Maɓallin Gida

Motar da na saya, ta hanyar Kwatano ta zo,
da allo a goshinta, faɗin tafin hannu biyu.
Har yau ba ta yarda ta baro ƙasar sanyi ba.
Ina Kawo, hayaƙin tirela da ƙamshin ƙosai na shigo mini,
ita kuwa tana nuna ni a tsakiyar wani fili fari fat,
kibiya ɗaya tilo, ba titi, ba suna,
kamar ƙuda a ƙwaryar nono.
Ɗanlami mai wayarin ya ce in kawo dubu arba'in
ya cusa mata Najeriya a ka.
Na ce ƙyale ta. Baƙo ko da ido makaho ne.

Wayata kuwa akwai baki.
Na maƙala ta a gilashi tana tsotsar data kamar rake,
tana kiran Unguwar Mu'azu da wani harshe
da ko Mu'azun ba zai waiwayo ba.
Ta san inda cunkoso ya kwanta, wannan na sallama mata.
Amma ranar da hadari ya haɗo ta Rigasa
sabis ya ɗauke, ta yi tsit,
ta bar ni ina kewaya shataletale
kamar akuya a turke.

Na ukunsu yana aljihun mota,
ɗan baƙin akwati da ƙanena Sabi'u ya aiko tun da daɗewa.
Ba ya cin data, ba ya roƙon sabis,
da tauraron ɗan'adam yake gaisawa kai tsaye.
Sai dai Kadunar cikinsa ta tsufa.
Shagunan da aka rushe duk suna nan a tsaye,
yana cewa in yi kwana inda yanzu katanga ce.

Ran Asabar Na'ima ta ce, Baba,
kai ni gidan da aka haife ka.
Muka kunna su duka uku.
Muka haye kogi, ruwa jawur, ya cika har wuya.
Shekara ashirin da wani abu rabona da layinmu,
tun daren da muka fito da keken ɗinkin Inna a ka
ba mu tsaya rufe ƙofa ba.

Kakuri. Masaƙa ta yi shiru, ciyawa na leƙe ta tagoginta.
Waya ta ce dama.
Akwati ya ce hagu.
Mota tana can cikin nononta.
To me ma zan rubuta musu? Layin ba shi da suna.
Bayan famfo muke cewa, gindin mangwaro.
Famfon ya mutu.
Mangwaron an yi benci da shi.

Na kashe inji, na sauke gilashi.
Wata tsohuwa na gasa masara a bakin kwata.
Ta dube ni, ta daɗe tana dubana,
ta ce, wannan goshin na Tanimu ne.
Mama Rifkatu.
A ɗakin girkinta muka kwana biyu, bayan buhunan gawayi.
Ba ta nuna da yatsa ba.
Ta bar wa jikarta mafici, ta shige gaba,
silifas ɗinta na tafi cikin taɓo,
mu muna biye, ƙafa inda ƙafarta.

Ga shi nan. An shafa masa shuɗin fenti.
Wasu ne a ciki, shanyarsu a kan igiyarmu.
Na'ima ta ɗaga waya ta ɗiga masa jan ɗigo,
wai don kada ya sake ɓacewa.

Da dare, a ƙofar gida, Hayin Banki,
na lura da wani maɓalli a allon motar
mai hoton ɗan gida, ban taɓa danna shi ba.
Na danna.
Ta yi tunani, ta yi tunani,
ta kawo sunan wani titi mai tarin haruffa,
gida mai lamba goma sha bakwai,
kilomita dubu huɗu da ɗoriya.
Sai ta ce ba ta sami hanya ba.

Na bar ta a kunne kaɗan.
Ban yi mata dariya ba.