Magana ta Bakwai

A saman shagon buhuna, Agege, bayan la'asar,
fanka ɗaya na raba zafi tsakanin mutum goma sha ɗaya.
Ni ke riƙe da biro. Aikina ke nan a haɗakar:
in rubuta abin da baki ya zo ɗaya a kai.

Ba mu ɓata lokaci a kan haraji ba.
Kuɗin da yaran tasha ke tatsa a hannun mai tumatir,
kowa ya ce a soke.
Shagon caca a gindin makaranta, a rufe.
Tarbiyya, aure, ganin girman na gaba,
na cika shafi uku kafin shayi ya huce.
Fasto Oyelaran da Malam Sallau
har tafawa suka yi kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Sai magana ta bakwai: zubar da ciki.

Fasto ya ce tun daren farko rai ne,
babu ƙofa, babu taga, a rubuta haka.
Malam ya gyara zama. Ya ce shi ma yana ƙyama,
amma in ta kai ga uwa ko ɗan tayi,
ba a sare itace don a ceci fure.
Magabata sun ƙirga kwanaki, sun saɓa,
ba su kuma raba sahu ba.
Obiefuna na Ladipo ya daki tebur:
ashe gwanjon rai muka zo yi?
Wanda bai yarda ba, ga matakala!

Jirgin ƙasa ya shigo da ƙararsa.
Dole muka yi shiru har ya wuce.

Sista Magajiya ce ta ɗauki shirun.
Shekara ashirin da shida a ɗakin haihuwa,
'ya'yan rabinmu a tafinta suka fara kuka.
Ta ce: na rufe idon wata 'yar Orile,
an kawo ta a keke, zani ya jiƙe har idon sawu,
ta sha abin da mai kemis ya ƙulla mata,
tana ta roƙona kada babanta ya ji.
Na rufe na wata uwar biyar,
likita ya ji tsoron doka, ya ce a jira safiya.
Ban ce ku halatta ba.
Na ce kada ku rubuta kamar ba a taɓa yin su ba.

Biro ya yi mini nauyi.
Ba wanda ya sani a ɗakin nan:
shekara huɗu baya, wani benci a Ikeja,
jinin Hadiyatu ya hau, idonta ya daina gani,
aka miƙo mini takarda, na sa hannu.
Namiji ne. Na riga na zaɓa masa suna.

Nan aka ɗauke wuta.
A duhu, ba a san wa za a nuna wa matakala ba.
Obiefuna ya kunna fitilar wayarsa
ya riƙe mini a kan takarda, yana huci.

Fasto ya ce: ban canza ba, ko kusa.
Malam ya ce: ni ma haka.
Fasto ya ce: amma ranar da Magajiya ta sauka,
hannun wa zai karɓi jikokina?
Wani ya yi dariya, bai ƙarasa ba.

Muka yanke kuɗin mota ga mai naƙudar dare,
da ɗaki ɗaya ga yarinyar da gida ya kora.
Wannan ya zama ta takwas.
A gaban bakwai na bar layi biyu fari.

Da za mu sauka, taki na huɗu a karye yake,
Obiefuna ya riƙe gwiwar hannun Magajiya
bai kalle ta ba.
Sai Alhamis, in ji kowa.

A gida Hadiyatu ta ce, me kuka yanke?
Na buɗe mata littafin ƙarƙashin aci-balbal.
Ta daɗe a kan farin wurin
kamar akwai rubutu.
Sannan ta ce tuwonka ya huce.