Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

A kotun Valparaíso, ran Talata,
ruwa na dukan taga,
aka kunna faifan sau huɗu.
Daƙiƙa goma sha ɗaya kacal:
tari, ƙugin jirgin ruwa,
sai murya, "Kawo kuɗin bakin tasha."

Masani ya ce na'ura ta auna muryar
awon mai sayen gwal,
ta gwada ta da muryoyi dubu uku,
ta karkata ga Nibaldo.
Karkata ya ce. Bai rantse ba.

Aka kira Herminia mai kifi,
shekara talatin teburinta na jingine da nasa.
Ta rufe ido, ta kasa kunne.
"Ba shi ba ne. Ƙanensa ne, Osvaldo.
Nono ɗaya suka sha, maƙogwaro ɗaya suka gada,
amma Nibaldo ba ya haɗiye wutsiyar magana."

Lauya ya miƙe:
"Kunnenki na hagu fa, ba ya mutu ba?
Ba Osvaldo ne ya ci bashinki ya hana ba?"
Ta yi shiru. Duka biyun haka ne.

Ni ce mai rubuta bayanan kotu.
Lambar na'ura ta shiga layi ɗaya,
shirun Herminia na rasa inda zan sa shi.
Na'ura ba ta ƙullaci kowa ba,
ba ta kuma taɓa jin Nibaldo
yana kiran ciniki da asuba ba.

Alƙali ya cire tabarau, ya murza ido,
ya ce a sake kunnawa.
Tari. Jirgi.
Nibaldo na kallon tafin hannunsa,
ko gyaran murya bai yi ba,
kada a auna.