Mai Kumatu

Daren Laraba a Brno,
ƙarƙashin shagon littattafan da ya daina ciniki.
Matakala goma sha ɗaya za ka sauka,
sai ɗaki mai ƙanshin kofi da jiƙaƙƙen ulu.
In jirgin titi ya wuce ta sama
cokula kan yi haƙora a cikin kofuna.

Mu bakwai ne, in an ƙirga karen Zdenka.

Radim ya buɗe akwati, baƙin soso mai ramuka,
kowane rami da yoyonsa kwance
kamar ƙwai a kiret.
Ya ce, masu ƙugun zanzaro na 'yan gasa ne,
baki wangame, ko a makance ka jefa, zare zai faɗa ciki.
Mu nan masu kumatu muke so,
waɗanda babu kusurwa ko ɗaya a jikinsu,
kamar dutsen da rafi ya shekara ɗari yana lasa.

Kafin ya rufe baki gardama ta kama.
Zdenka ta ɗaga shuɗi: wannan yawo yake a iska, ba gudu ba.
Oldrich ya ce yawon banza,
nauyinsa duk ya taru a ciki, ba ya daɗewa yana barci.
Aka fito da sikeli ɗan mitsitsi.
Giram sittin da huɗu da ɗigo biyu.
Ɗaya kuma sittin da biyar cif.
A kan abin da bai kai ƙwayar wake ba
manyan mutane suka yi ta murtuke fuska,
likitan haƙori, da mai gasa burodi, da malamar lissafi.

Ni dai baƙuwa ce, na zo da kuɗin ɗaya.
Wuni na yi ina tuƙa jirgi mai lamba huɗu,
tafin hannuna bai manta ƙarfe ba.

Na gwada jan. Ya dawo da zafi, kamar mai bin bashi.
Na gwada na titaniyom, ya yi kukan ƙararrawa,
na ji kuɗinsa, na mayar da shi raminsa a hankali.
Na katako ya yi mini daɗi, ɗumi gare shi,
amma barcinsa na zomo ne,
kafin in ɗaga yatsa ya farka.

Tsoho Bohumil bai ce uffan ba tun shigowata.
Yana gefe yana murza sabon zare a cinya.
Sai ya laluba aljihun kwat,
ya miƙo mini wani toka-toka, fentinsa ya koɗe,
da tabo a kunci inda ya taɓa sumbatar daɓe.

Na jefa. Ya karkace.
Zare ya gogi bango, ya mutu a ƙasa.
Na ce wannan ai ya lalace.
Ya ce a'a, gwiwar hannunki ce ta kauce.
Mai faɗin baki yana rufa wa mai shi asiri,
mai kumatu kuwa ba ya iya ƙarya.

Na sake. Ya karkace.
Na sake, kare ya ɗaga kunne.
A jifa na tara, ko na goma,
ya sauka sak, ya tsaya a ƙarshen zare
yana juyi ba ka ganin juyin,
boris na raɗa kamar ruwa a bayan bango.
Na ji shi a yatsana, wata 'yar jijjiga,
irin wadda dogo ke aiko mini kafin kwana.

Na fizga. Ya hau, ya zauna a tafina
kamar can ne gidansu.

Nawa? Bohumil ya ɗaga kafaɗa.
Ki dawo da shi Laraba, mu ga ko kun saba.

Oldrich har yanzu yana kan giram ɗinsa.
Na hau matakala, ƙanƙara ta soma sauka,
kuɗina na nan a jaka ban taɓa ba,
hannuna cikin aljihu,
babban yatsa na neman tabon.